Haɗa Akwatin Kifi da Tsohon Gilashi: Wanda Ke Yankuwa da Wanda Ba Ya Yankuwa

Gabatarwa

Kiwon tarwaɗa ya samu karɓuwa a Jihar Neja, kuma duk wanda ya ɗan jima a cikinsa ya san iri da abinci ne ke cinye jari. Wannan ya sa manoma da dama suke sha'awar ƙyanƙyasar 'ya'yan kifinsu da kansu, ko da kaɗan ne. Akwatin gilashi yana taimakawa ƙwarai a wannan aiki, domin ta jikinsa kana ganin ƙwai, kana ganin wanda ya mutu ya yi fari, kana kuma ganin ranar da 'ya'yan suka fara neman abinci. Akwai kuma matasa masu haɗa irin wannan akwati don kifin ado, suna sayar wa ofisoshi da makarantu da masu gidaje.

Sabon gilashi mai kauri yana da tsada, don haka idon kowa ya koma kan tsoho: gilashin tebur, na kantar shago, na cikin firji, na taga da na ƙofa. Tambayar da malaman gona suka fi kawo mana ita ce, shin kowane tsohon gilashi ana iya yanka shi a mayar da shi akwati? Amsar ita ce a'a, kuma rashin sanin haka yana jawo asarar kuɗi da rauni a jiki.

Wani matashi da muka horas ya taɓa sayen gilashin tebur mai kaurin milimita 10 daga hannun mai sayar da tsofaffin kaya a gefen Kasuwar Kure da ke Minna, wato kasuwar da aka sa wa sunan Injiniya Abdulkadir Kure, gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Ya lissafa zai fitar da bango huɗu daga cikinsa. Ya ɗora a keke mai ƙafa uku, ya kai wa mai yankan gilashi. Mai yanka ya ja layi, ya danna, sai ji suka yi "fus!", gilashin gaba ɗaya ya zube a ƙasa kamar tsakuwa. Babu wanda ya cuci wani a cinikin nan. Mai sayarwa bai san irin gilashin da ya sayar ba, mai saye bai san abin da ya saya ba, mai yanka kuma bai tsaya ya duba ba.

Iri biyu na gilashi

Domin sauƙin bayani, a wannan jagora za mu kira ɗaya ɗanyen gilashi, ɗayan kuma gasasshen gilashi.

Ɗanyen gilashi shi ne na yau da kullum, irin na taga da na hoton bango. Ana yin sa ne ta hanyar zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza ya shimfiɗe sumul, dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da ita fili a 1959. Bayan haka sai a bar shi ya huce sannu a hankali, ta yadda cikinsa da bayansa za su zauna lafiya da juna. Shi ya sa idan aka ja masa layi aka danna, sai ya rabu a kan layin. Idan ya fashe kuwa, manyan ɓaraguzai yake yi masu tsini kamar wuƙa.

Gasasshen gilashi daga ɗanyen ake yin sa. Sai an gama yanka shi daidai girman da ake so, an goge bakinsa, an huda duk ramin da za a huda, sannan a sa shi a tanderu a zafafa shi fiye da digiri 600. Daga nan a fito da shi a busa masa iska mai sanyi da ƙarfi ta fuska biyu. Fatarsa ta waje ce ke fara daskarewa. Cikin yana hucewa daga baya, yana tsukewa, yana janyo fatar ta matse tamau. Wannan matsi shi ne ƙarfinsa, ya kuma ninka na ɗanye mai kauri ɗaya kamar sau 4 zuwa 5.

Ka ɗauke shi kamar damin dawa da aka ɗaure da igiya sosai. Muddin igiyar tana nan, kana iya jefa damin daga kan amalanke bai watse ba. Ka sa wuƙa ka yanke igiyar a wuri ɗaya kawai, dami ya tashi daga aiki. Haka gasasshen gilashi yake: duk abin da ya ratsa fatar nan ya kai ga cikin, walau abin yanka ko abin huji ko tsinin dutse, to ƙarfin da ke ɗaure a ciki zai kwance a lokaci guda, tsagar ta bi ko'ina kafin ƙiftawar ido. Da gangan aka yi shi haka, don idan ya fashe a mota ko a ƙofa ya zama ƙananan gutsattsari marasa tsini sosai, kada ya yanka mutane.

Za ka ji ana ba da dabaru iri iri. Wani ya ce a nutsa shi cikin ruwa a yanka, wani ya ce a ɗaura zare mai kananzir a kunna wuta kamar yadda ake raba kwalba, wani ya ce a sa injin gurza ƙarfe a bi a hankali. Babu ɗaya daga ciki da ke aiki, kuma na injin ya fi haɗari, domin fuskar mutum tana kusa lokacin da gilashin zai tashi. Gaskiya ne ana iya warware gashin idan aka mayar da gilashin tanderu na musamman, aka kai shi sama da digiri 500, aka sauke zafin a hankali cikin sa'o'i masu yawa. Amma tandar burodi ko wutar maƙera ba za su yi wannan ba, kuma kuɗin da za a kashe ya fi na sabon gilashi.

Yadda za ka gane shi tun kafin ka biya kuɗi

Ka fara duba kusurwoyi huɗu. Masana'antu sukan buga ɗan tambari fari wanda ba ya gogewa, ɗauke da kalmar "Tempered" ko "Toughened". Idan ka gan shi, magana ta ƙare. Sai dai rashin tambari ba ya nufin gilashin ɗanye ne, domin na tebur da na kabad da yawa ba su da shi.

Sannan ka tambayi daga ina aka ciro shi. Gilashin gefe da na bayan mota, na cikin firji, na ƙofar tandar girki, na ƙofar banɗakin wanka, ƙofar shago wadda ba ta da firam, da mafi yawan gilashin teburin zamani, duk gasassu ne. Gilashin luba na tsofaffin gidaje, na taga mai firam ɗin katako, da na kantar da kafintan unguwa ya haɗa, galibi ɗanye ne. Gilashin gaban mota shi kuma wani iri ne dabam: falle biyu ne aka manne da roba a tsakani, kuma a lanƙwashe yake. Ka bar shi, ba ya yin akwati.

Ka shafa bakinsa da kula. Gasasshe bakinsa a goge yake ko'ina, domin sai an goge ake gasawa. Idan ka ga baki mai kaifi wanda ke nuna an taɓa yanka shi da hannu, to ɗanye ne. Ka kuma karkata shi ka kalli inuwar wani abu miƙaƙƙe a jikinsa, kamar turken lantarki ko bakin rufin kwano. A kan gasasshe inuwar takan ɗan yi lanƙwasa kamar ana kallon ta a ruwa.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na tabarau. Akwai tabarau na rana masu kashe ƙyalli, irin waɗanda direbobi da masunta ke so. Ka sa su ka ɗaga gilashin ka kalli sararin sama ta cikinsa, kana ɗan juya kanka. Idan gasasshe ne za ka ga ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi masu duhu sun bayyana a jere, wato sawun iskar da aka busa masa. Ɗanye ba ya nuna komai. Don ka san abin da kake nema, fara gwadawa a kan gilashin bayan kowace mota da ke tsaye a bakin kasuwa. Ina ba malaman gona shawara su riƙa tafiya da irin wannan tabarau idan za su raka manomi sayayya. Ba kowane baƙin tabarau ne ke yi ba, don haka a gwada shi a kan mota kafin a saya.

Idan bayan duk wannan shakka ba ta gushe ba, ku yi sharaɗi da mai sayarwa cewa a gabansa za a gutsure ɗan ƙaramin yanki a kusurwa, ku kuma daidaita tun farko a kan wanda zai ɗauki asara idan ya tarwatse.

Amfani da gasasshe yadda yake

Kasancewar ba ya yankuwa bai sa ya zama shara ba. Abin da ake yi shi ne a juya tsarin aiki: maimakon ka zana akwati sannan ka nemi gilashi, sai ka auna gilashin da ke hannunka ka zana akwati a kansa.

Wurin da ya fi dacewa da shi shi ne gindin akwati. A ce ka samu gilashin cikin firji mai tsawon santimita 50 da faɗin 35. Ka cire robar bakinsa, ka wanke. Bango huɗu za a yanka su daga ɗanyen gilashi mai kaurin milimita 6, su tsaya a kan gindin. Na gaba da na baya kowanne tsawonsa 50. Na gefe biyu za su shiga tsakaninsu, don haka a cire kaurin gilashi biyu, wato santimita 1.2, a ƙara cire milimita 2 na gurbin gam, sai ya rage 33.6. Idan kusurwoyin gindin a zagaye suke, ko ya fi girman da kake so, ka shigo da bangon ciki ka bar sauran ya yi tudu a waje. Ba ya hana komai.

Ana kuma iya yin sa murfi, ko a gina kwarmin siminti a bar taga a gaba, a manna shi daga ciki ta yadda ruwa zai riƙa danna shi a kan firam ɗin. A nan a tabbata bakinsa a kan gam yake zaune, bai taɓa siminti ko ƙarfe ba.

Game da yin bangon akwati da shi, ra'ayina shi ne a yi hattara. Yana da ƙarfi, babu musu. Amma ka dubi yadda kowanne ke mutuwa. Ɗanye sau da yawa tsaga yake fara yi, ruwa ya riƙa tsiyaya, ka samu damar kwashe kifi zuwa baho. Gasasshe ba ya sallama. Ana zaune sai ka ga ruwa da kifi da gutsattsarin gilashi duk a ƙasa, kuma idan da dare ne, kafin safiya 'ya'yan kifin da ka yi mako biyu kana wahala a kansu sun tafi. Tsohon gilashi wanda ya sha yawo a kasuwa da wuya a rasa ɗan ɓantare a bakinsa, kuma baki ne lagonsa. Duk gasasshen da ka ga ɓantare ko zurfin karce a jikinsa, kada ya riƙe maka ruwa. A yi murfi da shi. Wajen ɗauka ma a riƙe shi a tsaye, a sa kwali a ƙarƙashi, kada a dire bakinsa a kan siminti. Kada kuma a yi ƙoƙarin huda shi don sa bututu. Idan kana son mafitar ruwa, a huda ɗanyen bango, ko a yi amfani da tiyo a zuƙo.

Kauri da nauyin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Don sanin abin da akwati zai ci, ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000. Akwati mai 60 da 30 da 30 yana cin lita 54, wato ya fi jarka biyu ta lita 25. Mai 90 da 45 da 45 yana cin lita 182, nauyin da ba kowane tebur ne ke ɗauka ba.

Abin da manoma ba su cika lura da shi ba shi ne, zurfi ne ke fasa gilashi fiye da tsawo. Bango mai tsawon santimita 60, idan ruwa ya kai zurfin 30, yana shan turi kamar na kilo 27. Idan ka ninka zurfin ya zama 60, turin ba ninkawa biyu zai yi ba, huɗu zai yi, ya kai kilo 108. Saboda haka zurfin 30 da tsawon 60 na buƙatar milimita 6. Zurfin 45 da tsawon 90 na buƙatar 8 zuwa 10, tare da sanda ta gilashi a sama mai haɗa gaba da baya don kada su buɗe. Abin da ya wuce haka a bar wa ƙwararru.

Sa'ar da aka yi ita ce ƙyanƙyasar tarwaɗa ba ta son zurfi. Ruwa mai santimita 15 zuwa 25 ya wadatar, kuma akwati mai faɗi marar zurfi ya fi ba kifi iska. Gilashin luba, wanda faɗinsa inci 4 ne ko 6, yana yin sandar sama da abin ɗora murfi, yana kuma yin ƙaramin faranti na ƙyanƙyasa, amma siriri ne, kada a ba shi zurfi.

Yankan ɗanyen gilashi

Idan akwai mai yankan gilashi kusa, irin masu haɗa tagar alminiyam, ka kai masa awo a rubuce; ladan bai kai kuɗin falle ɗaya da za ka ɓata wajen koyo ba. Ga wanda zai yi da kansa, ana buƙatar abin yanka wanda masu sana'a ke kira daimon, miƙaƙƙen katako, safar hannu mai kauri, tabarau na kare ido, da rufaffen takalmi. Yara su yi nisa.

A wanke gilashin ya bushe, domin ƙura da tsohon fenti suna karkatar da layi. A shimfiɗa bargo a kan tebur marar tudu, a kwantar da shi. A ɗiga kananzir kaɗan a bakin abin yanka, a ja layi sau ɗaya tak daga baki zuwa baki da ƙarfi madaidaici. Za ka ji wani siririn sauti kamar ana keta sabon yadi. Kada a maimaita layi. Maimaitawa tana ɓata abin yanka, tana kuma sa gilashi ya bi wata hanya. Nan take a sa siririyar sanda a ƙarƙashin layin a danna gefe biyu. Tsohon gilashi da ya sha rana da karce ya fi sabo taurin kai, don haka a fara da yankan da ya fi girma, ko ya karkace a samu na ƙarami a ciki. A ƙarshe a bi bakin da dutsen wasa wuƙa ana zuba ruwa, har kaifin ya mutu.

Mannewa

Gam ɗaya ne ya dace, wato silikon zalla, mai warin tsami idan yana ɗanye. Ka karanta jikin robar. Wanda aka yi don kicin da banɗaki yakan zo da maganin fumfuna a ciki, kuma wannan magani yana kashe kifi. Ka nemi wanda aka rubuta na akwatin kifi ne, ka kuma duba ranar lalacewarsa, domin wanda ya daɗe a shago ba ya ƙamewa. Gam ɗin katako, na takalmi da mai kama nan take duk ba sa riƙe ruwa.

Silikon ba ya kama maiƙo, ba ya kuma kama tsohon silikon. A kankare tsohon da reza tas, a goge duk bakin da sifirit har sawun kananzir da na yatsa su fita. A matsa gam a jere ba tare da yankewa ba, a tsayar da bangon baya, sai na gefe, sai na gaba, ana riƙe su da salatef mai faɗi. Kada a matse har gilashi ya taɓa gilashi. A bar siririn gam a tsakani. Sannan a bi kusurwoyin ciki da wani layin gam, a lallaɓe da yatsa sau ɗaya.

Silikon da danshin iska yake ƙamewa. Da damina yakan yi sauri, amma a lokacin hunturu, sa'ad da iskar Minna ta bushe ƙayau, yana ɗaukar lokaci, sama ta bushe ciki yana ɗanye. Ka ba shi kwana 7 cur kafin ya ga ruwa.

Gwaji da wurin ajiya

A waje ake gwaji, a kan daɓe mai laushi. A shimfiɗa farin soson nan da ake kunshe firji ko talabijin da shi, a ɗora tsohuwar jarida, sannan akwati. Soson yana da muhimmanci ƙwarai: ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin gindi ta isa ta fasa shi idan nauyi ya hau. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a jira sa'a guda, a ƙara, har ya cika. A bar shi kwana 2. Jarida za ta tona duk inda ke yoyo. Idan an samu, a zubar da ruwa, a busar, a kankare gam ɗin wannan kusurwa duka a sake. Liƙi daga waje ba ya daɗewa. Kada a taɓa ɗaga akwati da ruwa a cikinsa.

A ajiye shi inda rana ba ta duka kai tsaye. Gilashi ba ya riƙe zafi kamar siminti: a watan Maris da Afrilu ruwan yana iya yin zafin da zai kashe kifi, a Disamba da Janairu kuma ya yi sanyi da asuba. Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kamar sa'o'i 24 idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 28 zuwa 30, idan ya sauka sosai kuma sai ya yi jinkiri, da yawa su lalace. Da hunturu a naɗe gefe uku da bargo ko soso, a bar gaba don kallo. Ruwan famfo, irin wanda ake tacewa daga madatsar Tagwai, yakan zo da kulorin, don haka a tara shi a buɗaɗɗen baho kwana 2 kafin a zuba.

Abu na ƙarshe ya shafi fannina na gona kai tsaye. Magungunan ƙwari da muke fesa wa wake da masara, da na sauro da ake fesawa a ɗaki, guba ne mai tsanani ga kifi ko da ɗan kaɗan ne. Kada a sayi gilashin da ya taɓa zama kantar shagon maganin gona. Bokitin da ake dama maganin feshi kada ya kusanci akwati, kuma wanda ya dawo daga feshi ya yi wanka ya canza tufa kafin ya shiga ɗakin kifi. Idan kuma aka yi rashin sa'a gasasshen gilashi ya fashe, a share gutsattsarin a binne su da zurfi nesa da turken dabbobi. Suna da kyan gani kamar ƙanƙara, har wasu kan so zuba su a gindin akwati don ado, amma tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, kuma a ƙasa take kiwo.